Kujerar Bayan Direba

Ba na jin zan taɓa mantawa da yammacin da na miƙe gaban dattawan Hausawan unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki, domin kare asusun ƙungiyarmu, na koma na zauna babu sauran kwarjini.

Ƙungiyar tana da bas guda da ke kai duk wanda ya cika shekara saba'in Makka kyauta kowace Juma'a. Kujerar bayan direba tawa ce. Ba a taɓa tambayata takarda ba, furfurata ta wadatar. Sai 'yan sittin da suka ajiye aiki kwanan nan suka nemi a sa da su.

Bayan La'asar na gyara rawani, na yi jawabi irin na mutumin da ya shekara talatin yana rubuta wasiƙun kamfani. Na ambaci fetur, da tayoyi, da albashin direba, da bas na biyu da tilas a ɗauko haya. Na ce ɗan sittin yaro ne, ƙafarsa za ta kai shi tashar tasi. (Har da ɗaga yatsa, Allah ya yafe mini.) Na rufe da cewa daga yau kowa ya nuna iƙamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, kafin ya hau.

Magatakardanmu Bashir, Bahaushen Sudan mai kirana Ammi, wato baffa, ya ce, "Magana ta yi, ya Ammi. Yalla, mu fara da taka don albarka."

Sai da na miƙa masa ita na tuna. Lokacin da na zo neman aiki, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, ba ya ɗaukar wanda ya haura arba'in, ni kuwa na zaftare shekara goma a takarduna. Na daɗe da mantawa, iƙama ba ta manta ba.

Bashir ya gyara tabarau. "Sittin da biyar."

Sani makanike, jagoran masu koken, ya tafa hannu. "Ashe ƙanina ne! Ni sittin da shida. Gaishe da yayanka, yaro."

Na ce cikin natsuwa, "Takardar ce ta yi ƙarya."

"To, wa ya gaya mata, ya Ammi?" in ji Bashir.

Halas, magana ta ƙare. Da aka zo ƙuri'a, hannuna ya riga na kowa tashi don goyon bayan 'yan sittin, domin in ba haka ba tasi ce makomata.

Yanzu ana zama bisa shekarun iƙama. Sani ne a bayan direba, ni ina can ƙurya kan taya. Na koyi cewa kafin dattijo ya kafa wa jama'a doka, ya fara karanta abin da ke aljihunsa. Hayar bas na biyun kuwa, ban sake jin ta yi tsada ba.