Ƙorafin Mai Katako Kan Tafiyar Ƙafar da Likita Ya Ɗora Masa

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita,
Asibitin bayan kasuwa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin lafiyar da kake raba wa jama'a.

Ranka ya daɗe, ni ne mai katakon da ka auna wa jini, ka dubi tumbinsa ka girgiza kai. Da dako na fara. Wuyan nan ne ya ɗauki katakon da ya zama rumfa, rumfa ta zama shago, shago ya haifi injin yanka da gida da mota. Ba gado, ba kawu a ofis. Tumbin ma ni na gina abina, ba wanda ya sa min hannu.

Ka ce in riƙa eksasais. Na taɓa sakandare, kuma eksasais ɗin da na sani littafi ne, sai ka fayyace min cewa tafiyar ƙafa kake nufi, kullum da safe. Na bi umarni. Ga abin da na girba.

Na ɗaya, ban kai ƙarshen layinmu ba mai walda ya tsayar da babur ya ce in hau, har da alkawarin ba zai gaya wa kowa ba. Me zai rufa min, ranka ya daɗe?

Na biyu, labari ya riga ni isa kasuwa, wai an sayar da motar. Yanzu ƙasa-ƙasa ake gaishe ni, kamar an yi min rasuwa. Wanda zai ba ni aikin rufin makaranta ya ce sai ya yi shawara.

Na uku, surukata ta aiko da buhun hatsi, da saƙon cewa komai na duniya mai wucewa ne. Uwargida ta karɓa, ta yi godiya, ta shige ɗaki tana dariya.

Na huɗu, na sa direba ya riƙa bina da motar a hankali don a ga tana nan. Sai aka ce shi ya saye ta, tausayi ne ya sa yake rakiyata.

Ban ce maganinka bai ci ba. Numfashi ya daidaita, wando har ya fara zamewa. To ramar ma an sa ta cikin hujja. Shekarun da na yi ina taka ƙasa da katako a ka, wa ya kira su eksasais? Ashe na sha wahalar nan don in huta da tafiyar ƙafa, ilimi ya zo ya mayar da ni inda na fito?

Roƙona ɗaya ne. A kafa allo a ƙofar asibiti, a rubuta sunana da manyan baƙaƙe, a buga hatiminka, cewa da umarnin likita nake tafiya, kuma motata tana nan lafiya lau. Katakon allon ni zan bayar, don ban saba a yi min kyauta ba.

Naka mai biyayya, a ƙafa,
Mai Katako na bakin kasuwa.