Kwamfutar da Ruwan Randa Ya Ci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yanzu bai bushe ba, Malam Tambari, hedimastan firamaren Tungar Nasidi da ke bayan Dauran, yana sanar da iyaye da malamai da dukan mai tausayi rasuwar kwamfutar makarantarsa. Ta cika yau Laraba da hantsi, tana da shekara biyu da wata huɗu a hannunsa.

Marigayiyar ta iso ne shekara guda bayan ƙaddamar da Shari'a, a bayan a-kori-kura, naɗe cikin bargo. Liman da kansa ya zo ya duba ko talabijin ce aka sauya wa suna. Ya zauna gabanta har azahar bai ji kiɗa ba, bai ga rawa ba, ya tashi ya sa mata albarka. Tun daga ranar ba a taɓa kama ta da abin kunya ba. Ga haƙuri. Yaro zai danna harafi ɗaya sau talatin, ba ta tsawa, ba ta ɗaukar bulala, iyakarta ta ce "ɗit". Abincinta kuwa wutar janaretan Zubairu mai niƙa, ranar Alhamis kawai, in ya gama da geron mutane.

A gaban taron iyaye Malam Tambari ya buga ƙirji ya ce babu ɗan aji shida da zai fita sai ya rubuta sunansa a jikinta da yatsunsa. Saboda wannan maganar Malam Jibrin ya bar 'yarsa Saudat ta ƙarasa shekarar, alhali uwarta na neman mai taya ta suyar ƙuli-ƙuli. Ana bin rajista wajen zama gabanta, maza a sama, mata a ƙasa, Saudat ce ta ƙarshe. Wata bakwai tana leƙe ta taga tana ƙirga Alhamis, tata kuma ita ce ta wannan makon.

Ciwon ajali ya fara da bazara. Jikinta ya yi zafi, numfashinta ya koma "huuu" kamar na mai hawan tudu. Wanda ya kawo ta daga Gusau dama ya yi kashedi cewa ba ta son zafi, sai dai bawan Allah bai faɗi magani ba. To, a Tungar Nasidi kowa ya san yadda ake sanyaya abu. Malam Tambari ya samo buhun algarara, ya jiƙa shi sharkaf, ya naɗe ta kamar yadda uwargidansa ke naɗe randa, yana yayyafa ruwa safe da yamma da hannunsa, don bai yarda wani ya yi mata jinya ba. Yau Laraba ya roƙi Zubairu wuta ta musamman, a gwada ta kafin ranar Saudat. Ta ce "ƙiiit", ta ce "fat", ta saki ɗan hayaƙi mai ƙaurin roba.

An garzaya da ita Kaura Namoda wurin Muhtari mai gyaran rediyo. Ya buɗe cikinta, ya karkata ta, ruwa ya zubo masa a ƙafa. Ya ce, "Malam, don Allah wa yab ba ta ruwa?" Malam Tambari, mutumin da ke da amsa a kan komi, ya kinkimi gawarsa ya komo gida.

Ta rasu ta bar allon madannai guda, lafiyarsa lau, da gilashi mai duhu, da wayoyi huɗu da babu wanda ya san mazauninsu, da yara arba'in da ɗaya da suka ga sunayensu a fuskarta. Ta bar yarinya ɗaya da ba ta gani ba, wannan ne ke hana Malam Tambari cin tuwo.

Za a yi rakiya gobe Alhamis bayan la'asar, daga ofishin hedimasta zuwa ɗakin ajiya. Ba za a yi mata wanka ba, wankan ne ya kawo mu nan. Masu zuwa gaisuwa su bar butocinsu a bakin ƙofa.

Ana kuma roƙon jama'a, musamman Malam Jibrin, su yi haƙurin minti biyar kafin a ɗauke ta. Saudat za ta zauna a kujera gaban marigayiyar, ta danna haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta danna, Malam Tambari zai rubuta shi da alli a kan gilashin.