Minti Goma Sha Biyu na Kaka

Zuwa ga Mai Girma Mushe (Malam ke nan da Faransanci) Darakta Janar na Kamfanin Ƙanƙara da Lemo na Sanyin Rai, Damagaram, mai biro, wato ofis, a saman bene, Allah ya ƙara wa bironka sanyi.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci na ƙasa ya miƙa wa na sama, da fatan iyali suna lafiya, mota tana lafiya, ina neman gafara da na sa wannan takarda a bainar jama'a. Sau uku ina ba sakatare wasiƙa ta hau maka da ita. Matakalar benenka ashirin da biyu ce, na ƙirga, amma ga alama takarda takan gaji a hanya.

Ni ne Mala Umaru. Idan ba ka tuna fuskata ba, babu laifi, ƙeyata ka fi sani, domin shekara ashirin da bakwai ke nan ina zaune na ba ƙofa baya, na fuskanci otomat, wato akwatin ƙarfen nan da ke ba injina umarni: wannan famfo ya tashi, wancan bututu ya rufe baki, lemo ya tsaya a wuyan kwalba. Mu ma'aikata Kaka muke ce mata. Ranar Litinin za a cire ta a sa sabuwa.

Ranka ya daɗe, ba na jayayya da wannan. Kaka ta tsufa. Waɗanda suka ƙera ta sun daina yin kayan gyaranta tun ban fara furfura ba. Idan ta cije, takalmi nake cirewa in ɗan taɓa ta a gefen hagu, sannan ta tuna aikinta. Ko ni na san ba a tafiyar da kamfani da takalmi. Ƴan ƙananan abubuwa ne kawai nake so in shimfiɗa a gabanka, da ladabi.

Na ɗaya. Mun ga an gina wa sabuwar ɗaki an sa mata kilim mai hura sanyi tun ba ta fara aiki ba, wai ba ta jure zafi. Madalla da tausayi. Mu da muka yi bazara ashirin da bakwai muna fifita da kwalin lemo mun yi mata murna ƙwarai. Ina roƙon a ba ni izini in riƙa shiga gaishe ta da azahar, ko na minti biyar ne, saboda zumunci.

Na biyu. An ce duk abin da ya faru a ɗakin injina, nan take za ta aika maka saƙo a salularka. Kaka ta ga abubuwa da yawa a gidan nan, ba ta taɓa kai maganar kowa saman bene ba. Shin a ƙasar da aka ƙera wannan baƙuwa ba a koya wa yara cewa gulma ba kyau?

Na uku, kuma wannan ya taɓa ni. Sabuwar ba ta da maɓalli, sai fuskar gilashi da ake shafawa. An kunna ta don gwaji, na shafa, ta yi kamar ba ta ji ba. Na danna, shiru. Sakatarenka ta zo wucewa ta ɗora ɗan yatsa, sai ga abu ya waye da launi kala-kala. Aka ce wai kantar hannuna ce ta yi kauri. Yanzu da gaɓar ɗan yatsa nake ƙwanƙwasa ta kamar mai sallama a gidan surukai. Kantar nan fa a gidanka na samo ta, ranka ya daɗe, ban zo da ita daga ƙauye ba.

Na huɗu. An shirya horo na kwana biyu a otal kan yadda ake sarrafa ta. An tura mutum shida daga biro, cikinsu har da mai kula da hatimi. Sun dawo da jaka da alƙalami kowannensu. Ni aka bar ni in jira Kaka, don kada aiki ya tsaya. Na gode da wannan amana. Idan sabuwar ta cije ranar Talata, zan hau in kira mai hatimi.

Duk waɗannan zan iya haɗiye su da ruwa. Na biyar ne ya sa na ɗauki alƙalami.

An turo mana injiniya daga Yamai, Madam Aisa, ta kwashe karatun da ke cikin kan Kaka ta zuba wa sabuwar. Yarinyar nan ta san aikinta, ba ta tsallake layi ko ɗaya. A nan ta ci karo da wata lamba. Kowace safiya, ƙarfe shida da rabi, Kaka takan juya ruwa baya ta wanke tankin yashin da ke tace mana ruwa, ruwan wankin kuma ya fita ta wani bututu a bayan katanga. Littafin masu ƙera tankin ya ce minti uku ya isa. A cikin kan Kaka an rubuta goma sha biyu.

Madam Aisa ta tambaye ni dalili. Na ce tsufa ne, tsofaffi sukan daɗe a wanka. Ta dube ni ta saman tabarau, ba ta yi dariya ba. Na ce to wataƙila yashin Damagaram ya fi na littafi taurin kai. Ta rubuta wani abu ta rufe. Washegari da sassafe na hango ta ta zagaya bayan katanga da ƙafa.

Tunda tagar bironka titi take kallo, bari in gaya maka abin da ta gani. Minti ukun farko ruwan jawur yake fita, laka ce zalla, ko akuya ba ta sunsuna shi. Daga nan sai ya washe. Minti taran da suka rage ruwa ne garau, kuma bido, jarkokin ɗibar ruwa, arba'in da wani abu ne ke layi suna jiransa. Ka san yadda famfo yake a garin nan, sai ya yi kwanaki bai ce uffan ba. A unguwar bayan katanga ba a tambayar ko ruwa ya zo, sai dai a ce Kaka ta tashi? Akwai Zainaba mai wankau, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa biyar da baho uku. Da wannan ruwa take sana'a. Akwai zogale da yakuwa da mata suka shuka a bin katangar, akwai randar masallacin unguwa.

Madam Aisa ta dawo ta zauna kusa da ni. Ta ce ita ba za ta rubuta ƙarya a rahoto ba, kuma hannunta ba zai rubuta uku ba. Ta bar gurbin fari. Takardar tana kan teburinka, shafi na tara, kusa da ƙasa. Kai za ka cika.

To, don kada a wahalar da kwamiti wajen binciken wanda ya lalata lambar, ni ne. Shekarar da rijiyoyin unguwar suka ƙafe, na ga mata suna tsugune suna tace lakar minti ukun nan da gefen zane. Abin ya tsaya mini a rai, na kasa cin tuwo. Na ɗauko ɗan akwatin da ake yi wa Kaka magana da shi, na goge uku na sa goma sha biyu. Na ce in damina ta faɗi zan mayar. Damina goma sha tara ta faɗi tun daga lokacin. Daraktoci huɗu sun hau benen nan sun sauka, ƙanƙara ba ta fasa daskarewa ba, lemo bai canza ɗanɗano ba, kuma Kaka ba ta gaya wa kowa ba. Wannan sabuwar kuwa na san tun ranar farko za ta buga maka salula.

Idan hukunci ne, ga ni. Wata takwas ya rage in ajiye aiki, kuma na ji tsoron rubuta wannan takarda, ba zan ɓoye ba. Amma gara a kore ni da in zauna gaban gilashin nan ranar Talata ina kallon lamba tana sauka daga uku zuwa sifiri, alhali ina jin ƙarar bido ta bayan katanga.

Roƙona ɗaya ne. Idan uku za ka rubuta, ka rubuta, kamfaninka ne. Sai dai ka daure ka sauko matakala ashirin da biyun nan da ƙarfe shida da rabi, ka zagayo, ka yi wa Zainaba bayanin littafin da bakinka, domin ni Faransancina bai kai ba. Ba za ka sha wuyar gane ta ba. Ita ce direban gidanka ke kai wa ƙullin wanki kowace Asabar, shekara shida ke nan. Farar babbar rigar da aka ce za ka sa ranar bikin buɗe sabuwar na'ura ma tana cikin bahonta yanzu haka. Na tambaye ta, ta ce fararen kaya sai a minti na goma take ɗauraye su, amma idan Mushe Darakta ya fi son na minti ukun farko, ita mai bin umarni ce.

Allah ya ja zamaninka, ya sanyaya hannunka a kan shafi na tara.

Naka mai biyayya tun daga ƙasan bene,

Mala Umaru,
mai jiran Kaka, har zuwa Litinin.