Tuwon Sepang

"...lafiya lau, mijin wahala. Ka dawo? Na gyara maka ɓarnar da ka bari a kan wuta."

Hisham ya tsaya a ƙofar kicin da ledar kokwamba a hannu, yana kallon kakarsa. Shekara uku ke nan yana da wata al'ada a gidansu da ke unguwar Taman Melati, can ƙasar waje: duk Lahadin da za a yi tseren babura na duniya, sai ya dafa abincin ƙasar da ake tseren, ya rubuta sunan wurin a takardar da ya manna jikin firji. Yau a garin Sepang ake yi, nan cikin ƙasar da suke zaune, kuma farfesan da ke duba aikin digirinsa, haifaffen ƙasar, ya ce zai zo ya ɗanɗana shinkafarsu ta gargajiya, nasi lemak, da Hisham ke cika baki a kai. Ya bar shinkafar tana turara cikin madarar kwakwa ya sauka kanti, kakarsa Hajiya Daso, da ta zo wankan jegon yayarsa, ta same ta ta sa mata muciya.

"Hajiya! Tuƙawa kika yi?"

"Har na kwashe. Malmala tara, suna cikin kula."

"Nasi lemak ne fa! Warwara ake cin sa!"

"Shinkafa tsinke-tsinke kamar ta kaji? A ba baƙo, a ce gidan jikana ne?"

"Yau zan sake ki, tsohuwar nan."

"Saki na nawa ke nan? Wa zai kwashe ka da wannan wuyan?"

Ya nuna mata takardar firji. "Ƙa'ida ce fa. Sai ƙasar da ta karɓi tsere. Tun 1949 ake gasar nan, Nijeriya ba ta taɓa karɓa ba."

"Ƙarya kake. Shekarar babban fari an yi, Kano zuwa Wudil. Kakanka a gaba kan Vespa, ni a baya da kwanon tuwo a ka. Muka wuce motar katako biyu da jirgin ƙasa."

"Jirgin ƙasa ba ya bi ta Wudil."

"Ranar ya bi, don ya gan ni."

"Waɗannan kilomita ɗari uku suke gudu a awa ɗaya!"

"Su je ina? Zagaye ashirin su dawo inda suka tashi, ko cefane ba su yo ba. Kuma wannan kwanciyar da suke a kwana suna goge gwiwa a kwalta, yunwa ce. Wanda ya ci tuwo ba ya karkacewa."

Wayarsa ta yi ƙara. Farfesa ne, yana ajiye mota a ƙasa. Hisham ya ji kamar ya fashe da kuka, don sabuwar shinkafa ba za ta nuna ba ko da ya hura wutar da bakinsa. Ya gutsiri malmala, ya dangwala a jan yajin sambal da ya soya tun safe, ya kai baki. Ashe da daɗi! Ya sake gutsira.

Daso ta janye kular ta rungume. "Abincin ƙasar da ba ta karɓi tsere ba ai bai halatta ba."

"Hajiya, please, yana cikin lif!"

"Ga biro can."

Ya fisgi biron, a ƙarƙashin Sepang ya rubuta: Kano zuwa Wudil.

"Wa ya zo na ɗaya?" in ji ta.

Ya rubuta Daso.

"Jirgin fa?"

"Na biyu!" Dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauko hular kwanonsa daga kan firji ya miƙa mata da hannu biyu. "Ga kofinki, uwargida."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Daso ta saki kular, ta leƙa cikin hular ta mayar masa.

"Wanke ta tukuna. Jiya a ciki na jiƙa tsamiya."