Ranar da Matattu Suka Amsa Rajista

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara fita duba makaranta ni kaɗai ba. Lokacin Lafia tana ƙarƙashin Filato, ni kuma sabon sufeto ne a ofishin ilimi, da farar safari da takalmi mai sheƙi, ina jin kaina kamar gwamna.

Ga yadda abin yake a zamanin. Jiha ke turo kuɗi daga Jos, ƙaramar hukuma ta biya malamai, iyaye su yi ginin aji da guminsu. Amma malami da alli da benci, duk bisa yawan yara ake rabawa. Da aljihun gwamnati ya bushe sai aka ce makarantar da yaranta ba su kai adadi ba, a rufe ta a haɗe da wata. Aka tura ni ƙirga a wani ƙauye bayan Agyaragu, aka ce in na samu giɓin ko mutum uku ne, tata ta ƙare.

Na isa da rana tsaka, garin tsit, ko kaza babu. Ina jingine babur sai na ga ƙananan kaburbura a jere bayan coci, ƙasarsu ba ta gama kwanciya ba, kowanne da katako an rubuta suna da fenti. Shisshigi ya sa na tsaya na karanta (wa ya aike ni?). Terna, Ladi, Dooshima, Bulus. Wani tsoho da ke wucewa ya ce baƙon dauro ne ya ratsa da damina, sannan ya yi gaba.

Ajin ɗaya ne, bango uku na laka, na baya kuwa zana. Hedimasta ya tarbe ni yana ta gumi, ya ba ni kujera ya buɗe mini rajista. Yara duk sun sunkuyar da kai. Na fara kira suna amsawa, har na zo kan wani suna.

"Terna."

"Firezan, sa," aka amsa da Turancin 'yan makaranta.

Siririyar murya ce, tana rawa. Na ɗaga kai. Daga bencin ƙarshe ta fito, bencin kuma babu kowa a kai. Na ce wa raina ai Terna ba ɗaya ba ne a duniya. Na kira Ladi, aka amsa daga wannan bencin. Na kira Dooshima, aka amsa. Ba yaron da ya waiwaya, shi ma hedimasta rufin ɗaki kawai yake kallo. Wallahi tsoro ya kama ni. Da na kira Bulus sai zanar ta motsa, aka yi wani dogon numfashi kafin a amsa.

Jama'a, ban san lokacin da na tashi ba. Ƙofa tana nan a buɗe, amma ni taga na bi (har yau ban gane hikimar ba). Wando ya kama ƙusa ya yage har baya, takalmi ɗaya ya zauna a aji. Na zaga da gudu ina salati da ƙarfi, ina neman babur, sai na yi karo da fatalwowin. Mata huɗu ne tsugune a bayan zana, ɗaya da goyo. Na faɗa kansu rigijib.

"Oga, ka taka ni," in ji ɗayar.

Yara suka fito suka same ni zaune a ƙasa, ina rufe baya da hannu biyu. Hedimasta ya kawo mini takalmina, ya ce ba su yi nufin tsorata ni ba. Sufetocin da suka saba zuwa ba sa ɗaga kai daga rajista, kira kawai suke suna maki. Shi ya sa ya roƙi iyayen su amsa wa 'ya'yansu.

Na so in yi faɗa irin na manya, amma mai yagaggen wando ba ya da murya. Sai uwar Terna ta ce in aka rufe nan, 'yarta da ta rage sai ta haye rafi kullum, ita kuwa ba za ta bari ba, ta riga ta binne ɗaya.

"Yaro ya tafi, Oga," ta ce, "amma sunansa yana nan. Bar shi ya riƙe wa ƙanwarsa makaranta."

Kunya ta rufe ni, wadda ta fi ta wandon. Na koma aji da zanin da wata ta ara mini, na zauna, na sake kira daga farko. Wannan karon idona bai bar takarda ba, kuma kowa ya zo makaranta ranar.

Labarin zanin ya riga ni isa Lafia, aka shekara ana ce mini Sufeto Taga. Ni dai na koyi abin da tsofaffin aiki suka daɗe da sani: in kana kiran rajista a ƙauye, ka bar kanka a sunkuye.