Jan Akwatin Injiniya

Ba kowane gida Allah yake ba injiniya ba. Wannan gidan kam ya dace, domin nasu bai ɓata ko kwana ɗaya a makarantar injiniyoyi ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a ofis. Ran da ya yi ritaya ya canja ƙwan lantarkin falo, ƙwan ya kama, ya sauko daga kan kujera ya sanar da iyali cewa daga yau Injiniya za a riƙa ce masa. A gabansa haka ake faɗa. A bayan idonsa kuwa Sai-an-buɗe ne sunansa, don ko agogo ya makara da minti biyu hukuncin da yake yanke masa ke nan.

Gwani ba ya zama hannu rabbana, sai ya nufi shagon kayan aiki. Mai shago ya tambaye shi me zai riƙa gyarawa. Ya ce wayoyi, kwamfutoci, da duk abin da wuta ke bi ta cikinsa. Aka miƙo masa 'yar jaka iya tafin hannu, cikinta ƙananan sukudirebobi, hantsaki, 'yan robobin ɓamɓare murfi da mitar gwada wuta.

Injiniya ya ɗaga jakar da yatsa biyu.

"Malam, kayan yankan farce na ce ka ba ni? Ai kayan aiki da nauyi ake gane su. Abin da bai sa mutum nishi ba, me zai gyara?"

Idonsa ya sauka kan wani jan akwatin ƙarfe mai hawa uku. Mai shago ya ce wannan na masu gyaran manyan motoci ne. Injiniya ya yi masa murmushin tausayi, ya fahimtar da shi cewa abin da ya kwance tayar tirela ba waya ce za ta gagare shi ba. Mutum biyu suka kinkimi akwatin zuwa mota.

Cikin wata ɗaya gida ya samu natsuwa. Rediyon kicin ya daina damun jama'a. Rimot ya rabe gida biyu, kowa ya koma tashi da ƙafarsa ya canja tasha, abin da Injiniya ya ce likitoci ma suna so. Matarsa ta koma shiga banɗaki da wayarta.

Autarsa ce ta yi sake. Tana shekarar ƙarshe a karatun jinya, saura kwana biyu ta miƙa binciken da ta shekara tana rubutawa, sai kwamfutar ta ƙi tashi. Ba ta da kwafi a ko'ina. Ta ajiye ta a teburin falo ta shiga ɗaki neman wata caja. Tana fitowa ta tarar an kife kwamfutar, hawa ukun akwati duk a buɗe.

"Baba, don Allah ka bari in kai wa mai gyara."

"Mai gyara na zaune a gidanku?"

Notukan kwamfutar ba su kai ƙwayar shinkafa ba, mafi ƙanƙantar sukudirebansa kuwa bakinsa ya yi faɗin babban yatsa. Injiniya ya nazarci lamarin, ya gano cewa kamfani ne ya yi kuskure. Ya cusa ƙarfen cire taya a gefen murfi ya danna. Abin ya ce ƙaras. Ya ce alamar ta fara ba da haɗin kai ke nan. Danni na biyu ya fito da wani koren allo, rabinsa a hannun Injiniya, rabi a ciki.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta tattara gutsattsarin a tawul ta nufi ƙofa. Ya sa aka kinkimo masa akwati ya biyo ta, don kada a cuce ta.

Mai gyaran wata mata ce mai ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene. Ta buɗe tawul ta daɗe tana kallo.

"Mota ce ta taka ta?"

"Binciken farko ne," in ji Injiniya.

Ta sa hantsaki ta nuna wa Auta wata siririyar waya da ta zame daga batir. Ita ce duk ciwon, aikin minti biyar. Yanzu kam kwamfuta ta riga mu gidan gaskiya, sai dai a gwada ceto ma'ajiyar rubutun, in ƙarfe bai ratsa ta ba.

Matar ta kwance noti ɗaya, ta zaro ma'ajiyar, 'yar aba siririya kamar cingam, ta ɗaga kai ta dubi kantar da ke can sama, sannan ta dubi jan akwatin.

"Baba, ka ara mini akwatin nan."

Injiniya ya gyara tsayuwa, ya kalli 'yarsa don ta shaida. Ya fara buɗe hawa na farko.

"Wanne kike so? Akwai sifana, akwai filaya, akwai guduma iri uku."

"A'a, rufe shi za ka yi."

Ya rufe. Ta taka murfin da ƙafa biyu, ta miƙa hannu ta sauko da 'yar na'urar karanta ma'ajiya. Ta jona, sunan binciken ya bayyana a allo, shafi ɗari da ashirin, babu wanda ya ɓata. Nan ne Auta ta zauna a ƙasa ta yi kukan.

Da suka koma gida, matarsa ta tambaya yadda aka ƙare. Injiniya ya sa tsumma ya share sawun takalmi daga murfin akwatin, ya ce yarinyar nan mai gyara tana da ɗan ƙoƙari, amma ba don kayan aikinsa ba da hannunta bai kai ba.