Lofe Biyar a Cikin Darduma

Ba zan taɓa mantawa da magaribar wata Juma'a a Riyad ba, ranar da aka zo binciken aurena har gida. Shekaru sun ja, amma in abin ya faɗo mini ko a gaban mutane nake sai na sunkuyar da kai.

Bari in fara wanke kaina. Ban taɓa shan taba ba. Ko sigari ɗaya ban taɓa kai wa bakina ba, hayaƙinta ma tari yake sa ni. Amma a lokacin da abin nan ya faru ina da lofe guda biyar, irin na Turawan nan da ake sassaƙawa da itace, a dura taba a ciki a kunna. Ba sha nake yi ba, tarawa nake yi. (Na san abin da kuke cewa a ranku. An riga ku faɗa, kuma a gaban idona.)

Ga yadda na shiga. Ina aikin injiniya a wani kamfanin gine-gine, ina zaune ni kaɗai a unguwar Nasim, in an tashi aiki babu wurin zuwa sai yawon kantuna. Wata rana abokin aikina Samir, ɗan Labanan, ya gayyace ni cin abinci a gidansa, na tarar da kabad na gilashi cike da lofe. Ni kuwa ɗan kafinta ne, cikin garin katako na girma a Zariya, in na ga itace mai kyau ba na iya kawar da kai. Ya miƙo mini ɗaya na juya shi a hannuna. Ya ce saiwar wani itace ce da ake tonowa a duwatsun bakin Bahar Rum, a dafa ta, a shanya ta shekara da shekaru, sannan gwani ya zauna ya sassaƙa da hannu. Zanen jikin itacen ya miƙe tsaf daga ƙasa zuwa sama kamar an taje shi.

"Sai a fasa saiwa da yawa ba a sami irin wannan ba," in ji Samir. "Shi ya sa yake tsada. Habibi, wannan ba kashe kuɗi ba ne, ajiya ce."

Na yarda, don dama so nake in yarda. Na fara da mai araha, na koma mai ɗan dama-dama, na koyi shiga gwanjon intanet ina ja-in-ja da mutanen da ban taɓa gani ba. Na biyar ɗin wani tsoho ne a Denmak ya sassaƙa shi, shi ne sarkinsu. In na dawo aiki sai in ɗauko shi in goge da ƙyalle, in ɗaga shi a hasken taga, in mayar. Iyakar abin da nake yi da shi ke nan, kuma wallahi daɗi nake ji.

Ga kuma Nafisa. Malamar makaranta ce a Zariya, mun daɗe tare, har an kai gaisuwa. Iyayenta sun so a ɗaura aure bayan Babbar Salla, ni kuma na roƙi a ɗaga zuwa baɗi, na ce ban gama haɗa lefe da kuɗin ɗauko iyali zuwa Riyad ba. Mahaifiyarta ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Sai ta ce to ai tana da wa a Riyad, ya je ya gano mata wannan yaron da idonsa, in ya ce mutum ne za a jira, in ya ce ba haka ba kowa ya kama gabansa. Wan nata likita ne a wani asibiti, yana zaune a unguwar Badi'a. Matarsa, Hajiya, ita ce ma ta yi ta lallashin uwar Nafisa a waya, tana cewa zaman Saudiyya ba yadda ake zato yake ba, a yi wa yaro uzuri. Ba ta taɓa ganina ba, amma ta tsaya mini.

Da Nafisa take gaya mini zancen zuwansu sai ta ce, "Kawu Dakta ba shi da matsala, abu ɗaya ne kawai ba ya ɗauka. Likitan ƙirji ne, ba ya haɗa kwano da mai shan taba. Kai dai ai ba ruwanka." Na ce ƙwarai ba ruwana. Ban taɓa yi mata zancen lofe ba. Ba ɓoyewa nake yi ba, ban dai sami ta inda zan fara ba.

Ba su sa rana ba. Ranar Juma'ar nan bayan la'asar kawai wayata ta yi ƙara, Dakta ne. "Injiniya, muna kasuwar Aziziyya ni da Hajiya muna sayen kayan marmari, za mu biyo ta wajenka." Ya ƙara da cewa Hajiya za ta duba ɗakunan, don a san irin kayan ɗakin da za su shiga.

Nan hankalina ya tashi. Matar da aka aiko duba ɗaki babu kabad ɗin da ba za ta buɗe ba, babu ƙarƙashin gadon da ba za ta leƙa ba. Na tsaya tsakiyar falo da lofe biyar a hannu ina ta juyi. Sai idona ya kai kan wata sabuwar darduma mai laushi da na sayo a Madina, ban taɓa shimfiɗa ta ba. Na sa kowane lofe a cikin safa, na jera su a kai, na naɗe, na jingine ta a lungun falo. Wa zai zargi darduma? Har ma na ga za ta ƙara mini kwarjini. (Da digirina biyu na yi wannan lissafin.)

Suka iso da kwalin lemo da ayaba. Dakta dogo ne, mai furfura, ba ya ɗaga murya. Na durƙusa na gaishe su, na kawo shayi da dabino. Ya tambayi aiki, ya tambayi iƙama, wato takardar izinin zama, da yadda kamfani yake da masu iyali, ya tambayi babana. Hajiya ta zagaye gidan, ta buɗe duk abin da yake buɗuwa, ta dawo tana cewa, "Gwauro da tsabta haka? Lallai Nafisa ta huta." Na ji kaina ya yi girma. A raina na ce shi ke nan, na haye.

Aka kira magariba. Dakta ya miƙe ya ce, "Yalla, mu je kada mu rasa raka'a." Na nuna wa Hajiya sallayata ta kullum da ke rataye a hannun kujera, ta ce mu je kawai, za ta ji da kanta. Muna cikin raka'a ta biyu na tuna yadda sallayar nan take. Ta koɗe, wurin goshi ya yi baƙi, ga tabon shayi a gefe. Sai na tuna wadda ke lungu. Allah Ya yafe mini, ban san surar da liman ya karanta ba.

Da muka dawo Hajiya tana zaune a kan sabuwar darduma tana jan carbi. A kan tebur an shimfiɗa tishu, an jera lofe biyar daga babba zuwa ƙarami, safunan kuma an ninke su a gefe. Na Denmak ya rabu biyu, kan daban, bututun daban, an kanga su kusa da juna.

"Ina warware ta suka zubo," in ji ta. "Ɗaya ya bugi tayil."

Dakta ya zauna, ya sa tabarau, ya ɗauki na farko. "Injiniya, tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe, ba na sha."

"Duk wanda ya shigo ofishina da haka yake farawa. Miƙo hannunka."

Na miƙa. Ya duba yatsuna, ya ce in buɗe baki ya duba haƙora, ya sa in ja numfashi in saki. Ni da gemuna, a falona. Sannan ya bi lofen ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Uku cikinsu fes, ba a taɓa kunna su ba. Da ya zo kan na huɗu sai ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau.

Na ce ai wannan na hannu ne, wani Bature ne ya yi shekaru yana sha da shi, da ya rasu magada suka sa a gwanjo.

"Wato ka sayi abin da mamaci ya tsotsa."

"Ai an wanke shi, ranka ya daɗe."

Da na tsaya a nan da wataƙila an yi dariya an tashi. Amma mai tara kaya in ya sami wanda zai saurare shi ba ya sanin inda zai tsaya. Na ɗauko kan wanda ya karye na shiga bayani. Saiwa, duwatsu, dahuwa, shanya, tsohon Denmak da hannunsa ya fara rawa ba zai ƙara yin irinsa ba. Na ɗaga shi saitin ƙwan lantarki na ce su dubi zanen. Dakta ya duba, ya ce lallai itacen yana da kyau. Wannan 'yar yabon ta ƙara zuga ni.

Hajiya ta ce, "Ka yi haƙuri da ɓarnar da na yi maka, ɗana. In ana samu a kasuwar Batha sai in sa a sayo maka wani. Nawa ne?"

Kowane ɗan mutunci ya san amsar wannan tambayar. Ka ce haba Hajiya, ba komai, abin banza ne. Ni kuwa raina yana ta ƙuna a kan karayar nan, kuma, gaskiyar Allah, so nake ta san abin da ta karya. Na ce, "Riyal dubu bakwai ne."

Na ga leɓen Dakta yana motsi, na san nairarsa yake lissafawa.

"Gaba ɗayansu?" in ji shi.

"Shi kaɗai."

Hajiya ta ajiye carbinta. "Yaushe ka saya?"

"Bayan Ƙaramar Salla."

"Bayan Ƙaramar Salla," ta maimaita. "Lokacin da nake kiran uwar Nafisa ina rantse mata cewa ba ka da hali."

Na so in ce ajiya ce. Sai na fasa. Na tsaya riƙe da guntun itace a hannu, ga safunana a kan tebur, ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ba su yi faɗa ba. Dakta ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce dare yana yi kuma Badi'a da nisa. Na raka su har mota, na ce Allah Ya huta gajiya, ya ce mafi mushkila, wato babu damuwa, kada in bar ayabar ta lalace.

Washegari Nafisa ta kira. Ta ce, "Kawu ya yi wa Mama bayani. Ya ce huhunka lafiya lau. Ya ce kanka kuma ba fanninsa ba ne."

Na yi dariya, na ji ita ba ta yi ba, na haɗiye tawa.

"Da sha kake yi," ta ce, "da na ce jaraba ce, in taya ka addu'a har ka daina. Amma da hankalinka ka zauna, ga ni ga itace, ka duba ka ga ni ce zan iya jira."

Na ce zan sayar da su duka, a ɗaura aure lokacin da aka so tun farko. Ta ce to, in sayar.

Na kwashe su na tafi wurin Samir. Ya juya wanda ya karye, ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa, ya ce ko an gyara shi masu tarawa ba za su ƙara yi masa kallon da ba. Sauran kuma sai an dace da mai so, wataƙila wata shida, wataƙila shekara. Na ce ba kai ka ce mini ajiya ce ba? Ya ce, "Ajiya ce, habibi, ga wanda ba ya sauri." Shi kansa bai taya ko ɗaya ba, wai kabad ɗinsa ya cika. Na sa su a intanet, mutane suka yi ta yaba zanen itacen suna wucewa.

Kafin in sayar da na biyu aka dawo wa babana da kayan gaisuwa. Nafisa da kanta ta ce a mayar, babu wanda ya matsa mata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban sami wanda zan ɗora wa laifi ba, na kuwa nema.

Har yau masu tara lofe suna gardama a zaurukansu, wai mai tsadar ya kai kuɗinsa ko bai kai ba. Na daina sa musu baki. In ka ce aikin hannu ne mai kyau, na yarda, na gani da idona. Amma kuɗinsa a tsakaninsu kawai yake kuɗi, kana fitowa da shi cikin mutane ya koma guntun itace mai rami. Abin da na koya dai bai wuce biyu ba. Kafin ka ce wa 'yar mutane ta yi haƙuri babu hali, ka fara leƙa abin da ka tara a ɗakinka. In kuma matar da ta tsaya maka ta karya maka abu ta tambaye ka nawa ne, ka ce mata abin banza ne.